Babi na Shida: Ƙasan Ɗaki, Zaɓensa da Gyaransa

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana ɗalibai. A babin da ya wuce mun gama da rufi da indararo. Yau mun sauko ƙasa, inda muke shimfiɗa tabarma, mu yi salla, yara su yi rarrafe. Ku karanta a hankali. Wanda ya ci karo da kalmar da ta gagare shi ya ɗora yatsa a kai, ya tambayi na kusa da shi. Babu kunya a nan, duk koyo muka zo.

Darasi na 1: Me ke cin ƙasan ɗaki?

Ku duba irin wahalar da ƙasan ɗaki ke sha a shekara guda a ƙasarmu. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa ake yi, a watan Agusta ƙasa ta ƙoshi har ta fara mayarwa. Disamba da Janairu hunturu ya busa, komai ya bushe ƙayau, dare ya yi sanyi. Sai Afrilu ta zo da zafin da kan wuce maki 40. Siminti da tayil suna ɗan buɗewa in sun ji zafi, su tsuke in sun ji sanyi. Ido ba ya gani, amma yana faruwa kullum. Daga ƙasa kuma laima na hawowa, kamar yadda kananzir ke bin lagwani. Masu gida kusa da fadama ko bakin kwata sun fi kowa sanin wannan. Farin garin nan da kuke gani a gindin bango kamar kanwa, gishirin ƙasa ne ruwa ya hawo da shi ya bari.

Kafin ka kashe ko sisi, gwada ɗakinka. Ka samo leda mai kauri wadda ba ta huje ba, faɗinta kamar kamu ɗaya. Ka share ƙasa, ka shimfiɗa ta, ka bi gefenta huɗu da salatif ka manne, kada iska ta shiga. Ka bar ta kwana ɗaya da yini. In ka ɗaga ka ga gumi a ƙarƙashinta, ko wurin ya yi duhu, to laimar daga ƙasa take. In gumin a saman ledar yake, iskar ɗakin ce mai danshi, sai a riƙa buɗe taga. Da damina ake wannan gwaji. Wanda ya yi shi da rani zai ga ɗaki lafiya lau, ya ruɗi kansa.

Sannan ka fita waje ka duba. Ƙasan ɗaki ya kamata ya fi tsakar gida tudu da aƙalla taƙi ɗaya. In ruwan indararo a gindin bango yake zuba ya kwanta, fara yi masa hanya tukuna. Gyaran ciki ba zai tsaya ba muddin waje na shayar da shi.

Darasi na 2: Wanne za ka zaɓa?

Daɓen gargajiya ba abin rainawa ba ne. Iyayenmu mata sukan taru su baza tsakuwa, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa, a ƙarshe a zuba ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, daɓe ya yi jawur yana sheƙi. Da bazara ya fi komai daɗin kwanciya. Aibinsa shi ne ba ya son wuri mai laima, kuma yana son a riƙa sabunta shi. In gidanka a kan tudu yake, ka riƙe abinka.

Siminti shi ne na yawancinmu. In sabon ɗaki ne, a daddale cikon ƙasa sosai, a shimfiɗa baƙar leda mai kauri, bakin wannan ya hau kan bakin waccan, gefenta ya ɗan hau bango, sannan a zuba kankare a kai. Ledar nan ita ce ke tare laima. Kuɗinta kaɗan ne, amma ita aka fi tsallakewa, don in an rufe ba mai ganinta.

Ledar shimfiɗa mai zanen furanni kuwa, ni kaina ta taɓa cuta ta. Shekarar da na yi aure na shimfiɗa ta a kan simintin da ke gumi, don a ga ɗakin amarya ya yi kyau. Kafin kaka muka ɗaga katifa, ƙasanta ya yi baƙi da fumfuna, ga wari, simintin ƙarƙashi ya zama kamar tsaki. Ledar shimfiɗa ba ta korar laima, ɓoye ta take yi. Kafet ma haka, har ya fi. Katako kuma a bar wa gara zancensa.

Darasi na 3: Facin siminti

Wannan shi ne darasin da ya fi tsawo, ku gyara zama.

Da farko mu karanta buhu. Za ku ga 50 da haruffa biyu, k da g. Ma'anarsa kilo hamsin, nauyin buhun ke nan. Za ku kuma ga 32.5 ko 42.5. Wannan ba kuɗi ba ne, ba kuma nauyi ba ne, ƙarfin simintin ake nufi. Ko na Dangote ne, ko BUA, ko Ashaka, ka tura hannu ka taɓa buhun. In ka ji dunƙule masu tauri da ba sa murjewa, ya sha iska, bar shi ko da an rage maka kuɗi.

In birkila ya rubuta maka 1:3, ɗigo biyun da ke tsakiya ba ado ba ne. Ana karantawa "ɗaya da uku": awo ɗaya na siminti, awo uku na yashi. Da kwano ɗaya za ka auna duka. Kada ka auna siminti da ƙaramin kwano, yashi da babba. Yashin ya zama mai tsabta. Damƙi shi da jiƙaƙƙen hannu, in ya bar maka laka a tafi, bai yi ba.

Yanzu ɗauki guduma ka bi ɗakin kana ƙwanƙwasawa a hankali. Inda ya kama zai yi ƙara a tsuke. Inda ya saki zai amsa kamar ganga. Ka zagaye wurin da gawayi, ka fasa duk abin da ya saki har ka tarar da mai ƙarfi. Ramin ya kai zurfin yatsu biyu a kwance, bakinsa a tsaye kamar bakin rijiya. In bakin ya yi fele-fele, daga nan zai soma ɓarewa. Ka share ƙurar tas. Ka jiƙa ramin tun da dare, ana gobe za ka yi facin, domin busasshen tsohon siminti ƙishirwa gare shi, zai zuƙe ruwan sabon. Da safe ya kasance da danshi, amma ban da ruwa kwance.

Ka gauraya siminti da yashi a bushe har launinsu ya zama ɗaya, sannan ka sa ruwa kaɗan-kaɗan. In ka dunƙula a hannu ya tsaya kamar ƙwallon fura, ya yi. In yana zuba ta tsakanin yatsu kamar koko, ruwa ya yi yawa, kuma zai tsage. Ka sa safar hannu ko ka ɗaura leda, siminti na cin fata. Ka dama zallar siminti kaɗan kamar kunu ka shafe cikin ramin, tun bai bushe ba ka zuba kwaɓin, ka danna da ƙarfi, ka ja miƙaƙƙen katako a kai ya daidaita da tsohon, ka goge da cokalin gini. Kada ka kwaɓa abin da ba za ka gama da shi cikin awa ɗaya ba.

To, a nan ne kowa ke tattara kaya ya ce an gama. Ba a gama ba. Saura ban ruwa.

Ku saurare ni da kyau. Siminti ba kamar tubalin ƙasa ba ne da rana ke ƙarfafawa. Shi da ruwa yake yin ƙarfi. Muddin yana da danshi yana ci gaba da ƙanƙamewa, ranar da ya bushe ƙarfinsa ya tsaya a inda ya kai. A kwana 7 yakan sami wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, sai kwana 28 yake cika. Don haka za ka ba shi ruwa kwana bakwai. Kwana nawa? Bakwai.

Ga yadda ake yi. Bayan 'yan awoyi, in ka taɓa da yatsa bai lotsa ba, ka rufe shi da leda ko jiƙaƙƙun tsummoki. Washegari bayan sallar Asuba ka ɗaga, ka yayyafa ruwa da hannu, ka mayar da rufin. Yayyafi na ce, ba kwarara da bokiti ba. Bayan Azahar ka sake. Bayan Magariba ka sake. Sau uku a rana, kwana bakwai. Da hunturu ka rufe ƙofa da taga, domin iskar nan da ke fasa mana leɓe da diddige haka take fasa siminti.

Ka ɗauki gawayi ka rubuta a bango: 1 2 3 4 5 6 7. Ai mun koyi rubuta su tun a littafi na ɗaya. Kowace rana in ka ba da ruwan Magariba, ka soke lamba ɗaya. In ranar Asabar ka yi facin, Lahadi ce 1, sai wata Asabar za ka soke 7. Wanda zai tafi kasuwa ya damƙa aikin a hannun mutum ɗaya, ya kira sunansa. In ka ce "yara ku riƙa zuba ruwa", ba wanda zai zuba.

Wani dattijo a ajinmu na bara ya zo da gutsuren siminti a aljihun rigarsa, ya murje shi a gabana ya zama gari. Ya ce, "Malam, birkila ya cuce ni, ya sace siminti." Na ce, "Baba, kwana nawa kuka ba shi ruwa?" Ya yi shiru, can ya ce, "Ai na buɗe ƙofa ne don ya bushe da wuri, baƙi za su zo suna." Na tausaya masa, buhu biyu ya tafi. Ya sake yi, ya ba da ruwa yadda aka ce, har yau facin na nan. In Baba mai shekaru saba'in ya iya, kowa zai iya.

Amma gaskiya wani lokaci raina na ɓaci. Shekara nawa ina maimaita wannan magana, kuma duk aji sai an sami wanda zai ba da ruwa kwana biyu ya ce ai ya ga ya yi tauri. Taurin sama ne ka gani! Kun iya tashi da asuba ku shayar da tumaki, kun iya ban ruwan albasa wata uku, amma kofi biyar na ruwa a ƙasan ɗakinku ya gagare ku? Kuɗin siminti ba a ƙasa kuka tsinta ba. Wanda ya san ba zai ba da ruwan kwana bakwai ba, don Allah kada ya fasa ɗakinsa, ya bar raminsa yadda yake.

Ku rubuta wannan jimla sau uku a littafinku: Zan ba siminti ruwa kwana 7.

Darasi na 4: Tayil

Tayil na tare danshi fiye da siminti, ga sauƙin shara, amma da hunturu sanyinsa na shiga ƙafa. Ka zaɓi mai ɗan kaushi, mai santsi yana ka da tsofaffi in ya jiƙe. In ka ga 40x40 a jikin kwali, tsawo da faɗin guda ɗaya ke nan a santimita. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 zai ci kamar guda 84. Ka ƙara takwas ko tara saboda yanka da fashewa, ka ajiye ragowar, domin bayan shekara biyu da wuya ka sami irinsa a kasuwa.

Tayil ɗin da ke tashi da kansa ya yi tozo da bazara, matse shi aka yi. A bar 'yar tazara tsakanin kowane biyu, a bar kamar kaurin ƙaramin yatsa a jikin bango. In guda ɗaya ya fashe, ka kankare layin da ke kewaye da shi tukuna, sannan ka fasa daga tsakiya zuwa gefe don kada na kusa ya tsage. Ka cire tsohon simintin, ka jiƙa sabon tayil a ruwa kafin ka ɗora. Kada a taka shi sai bayan kwana biyu.

Darasi na 5: Tsaga

Siririyar tsaga kamar gashi ba komai. Wadda ke ƙara buɗewa, ko ta hau bango, ta fi ƙarfin faci, a kira magini ya duba tushe.

Darasi na 6: Kulawa

A ɗaga katifa da tabarma a shanya duk mako da damina. Buhun hatsi a ɗora shi a kan katako. Kada a yi daka a cikin ɗaki.

Aikin gida: kowa ya yi gwajin leda, ya zo ranar Talata ya faɗi abin da ya gani. Masu facin da ba su kai kwana bakwai ba, su je su zuba ruwan Magariba.