Yadda Ake Ajiye Insulin a Firij

Insulin, wato maganin allurar ciwon sukari, in ba a fara amfani da shi ba, sanyin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Celsius yake so. A bar shi cikin kwalinsa, a ajiye a layin tsakiya na firij. Kada a sa shi a jikin ƙofa, don duk lokacin da aka buɗe, iska mai ɗumi ce ke bugunsa. Kada kuma ya jingina da bangon baya ko ya kusanci firiza, nan ne yake daskarewa. Wanda ya taɓa ƙanƙara ya tashi daga aiki, ko da ya narke ya koma garau. A yar da shi.

Ranar da aka fara huda kwalba, a rubuta kwanan wata a jikinta. Yawancin iri kwana 28 suke yi, amma a duba takardar cikin kwali. A ɗaki yana jure zafin da bai wuce digiri 30 ba, abin da bazarar Sakkwato ba ta sani ba, don haka a mayar da shi firij. A fito da shi ya ɗan huce kafin allura, don allurar mai sanyi ta fi ciwo.

In an ɗauke wuta, a rage buɗe firij. In ta daɗe ba ta dawo ba, a ɗaure shi a leda, a sa a roba mai murfi, a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai ruwa a inuwa.