Kurakuran da ke kashe wa ɗan talaka fim tun bai fara ba

Duk shekara sai an buɗe shirin horar da sababbin masu shirya fim, a haɗa matashi da wani gogaggen darakta ko furodusa a ce ya kama hannunsa. Ɗan mai hali ya shiga ya fito da fim. Ɗan talaka ya shiga ya fito da hoton da aka ɗauke shi tare da oga, da takardar shaida mai tambari. Na gaji da ganin haka, don sau da yawa ɗan talakan ya fi basira, kuma abubuwan da ke kayar da shi ba sa canjawa. Su ne dai na bara, su ne na bana.

Na farko shi ne ɓoye babu. Yaro ba shi da kuɗin mota, sai ya aiko da saƙo wai ba ya jin daɗi. An sa zama ranar da yake wurin aikin da yake ci da shi, sai ya yi shiru ya ƙi zuwa. Kwamfutar da aka ce ya tace fim da ita ta aro ce, mai ita ya karɓe, shi kuma ba zai faɗa ba. Bayan fashi na uku ubangidan ya yanke hukunci cewa yaron ba da gaske yake ba, ya juya ga wanda kullum yake zuwa a kan lokaci. Ni abin da nake yi, a zaman farko nake sa a baje komai: wace rana kake aiki, da me kake ɗaukar hoto, wa yake jiran abin da za ka kawo gida. Kai ma idan ba a tambaye ka ba, ka faɗa da bakinka. Wasu shirye-shiryen suna da ɗan kason sufuri ko aron kayan aiki, amma ba sa bin mutum da shi. Kunyar mara kunya asara ce, balle kunyar da ba ta da dalili.

Na biyu kuwa, shi ne wanda har yau idan na tuna raina yake ɓaci: aiki da baki, ba takarda. Lokacin da nake tasowa na kai wa wani babba labarin da na rubuta don ya duba mini. Ya yaba, ya ce in bari a hannunsa, za mu yi shi tare. Na zama yaron gidansa, ina ɗaukar jaka, ina jan waya a lokeshan, ina kwana wurin tacewa, ko sisi ban nema ba don an ce koyo nake yi. Da fim ya fito, labarina ne daga farko har ƙarshe, an dai canja sunayen mutanen ciki. Sunana yana can ƙasa cikin jerin waɗanda ake yi wa godiya. Da na yi magana sai aka ce ba ni da tarbiyya, wanda ya koya mini sana'a nake ja da shi. Ba ni da komai a hannu da zan nuna. Ko saƙon waya babu, don da hannu na miƙa masa takardun.

Shi ya sa nake faɗa da matasa a kan wannan, kuma ba na sassautawa. Kai da ba ka da gida, ba ka da fili, ba ka da uban da zai ɗaukar maka lauya, labarinka ne kaɗai jarinka, kuma shi za ka miƙa a hanya kamar goron gaisuwa? Kafin ka ba kowa rubutunka, tura shi ta imel don kwanan wata ya zauna a kai. Idan ana maganar yin aiki tare, a rubuta abu huɗu ko da a shafi ɗaya ne: wane ne mai labari, da wane matsayi sunanka zai fito a fim, nawa za a biya ka kuma yaushe, sannan idan ba a yi fim ɗin ba cikin wa'adi kaza labarin ya dawo hannunka. Wannan na ƙarshen ne mutane suke mantawa, sai labari ya kwanta a durowar wani shekara da shekaru, mai shi ba ya iya kai shi ko'ina. Aikin kyauta ma a sa masa iyaka. Fim ɗaya don koyo, na yarda. Na biyu kuma aiki ne, a biya. Ubangida na ƙwarai ba ya fushi don an ce a rubuta. Wanda ya ɓata fuska ya riga ya gaya maka abin da yake nufi da kai, sai ka tattara takardunka.

Sai ciwon kyamara. Matashi zai shekara yana tara kuɗin hayar babbar kyamara, ya ƙarar da komai a kanta, sannan ya ɗauki magana da makirufon da ke jikinta daga nesa, iska tana bugawa, janareta yana ruri. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma maganar da ba ya ji ba ya yafe ta, kashewa yake yi. Daraktan Amurka Sean Baker ya ɗauki fim ɗinsa Tangerine da wayar iPhone 5s, aka nuna shi a bikin fina-finai na Sundance a 2015. Matasa suna son ba da wannan labari, sai dai suna tsallake cewa sautin da kayan ƙwararru aka ɗauke shi daban. Al'adata ita ce in fara ware kuɗin mai sauti kafin in yi maganar kyamara. Makirufo ya matso kusa da bakin jarumi gwargwadon yadda hoto zai bari, mai ɗaukar sauti ya sa abin ji a kunnensa, kuma kafin a bar kowane wuri kowa ya yi tsit a ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya. Ranar tacewa za ka san amfaninsa, lokacin da kake neman abin da za ka toshe gibin da ke tsakanin magana da magana.

Akwai kuma dogon buri. Wanda bai taɓa haɗa minti biyar ba ya zo mini da labari mai shafi 120, alhali a lissafin da aka saba shafi ɗaya minti ɗaya ne. Ousmane Sembène, shahararren daraktan Senegal, ɗan masunci ne, ya yi birkila, ya yi dakon kaya a tashar jiragen ruwa ta Marsai a Faransa, yana dab da shekara 40 ya je Mosko koyon fim. Abin da ya fara fita da shi duniya a 1963, Borom Sarret, kimanin minti 20 ne, labarin mai amalanke a yini guda. Gasar gajerun fina-finai ta bikin Kan na Faransa ma ba ta karɓar abin da ya wuce minti 15. Ka rubuta abin da za a ɗauka a wuri biyu da mutum uku, a wuraren da za ka samu ba da haya ba.

Ƙananan kurakuran kuma ba sa bukatar dogon bayani. Kada ka bar abin da ka ɗauka a wuri ɗaya, ni sai na kwafe shi wuri uku nake barci. Kada ka sa waƙar wani ba da izini a rubuce ba. Kada ka yi gaggawar ɗora fim a YouTube kafin ka karanta sharuɗɗan bikin da kake hari, don wasu ba sa karɓar wanda ya riga ya fita. Kuɗin shiga gasa a FilmFreeway, shafin intanet da ake tura fim zuwa bukukuwa ta cikinsa, ana iya roƙon a yafe, rubuta wa masu bikin gajeriyar wasiƙa ka faɗi halinka. Manhajar tacewa ta DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta, ba sai ka saka ta sata mai ɗauke da cuta ba. Iyayen gida biyar a kan labari ɗaya rikici ne, zaɓi ɗaya ko biyu. Kuma daina zuwa zama hannu rabbana kana cewa a ba ka shawara. Kawo fitowa ɗaya da ta gagare ka, ka ce ga inda na maƙale.

Wani abin takaicin, da yawa ba su ma san ƙofofin da ke akwai ba. Cibiyar Sundance da jarumin fim na Amurka Robert Redford ya kafa a 1981 tana da zaman gyaran labari. Berlinale Talents, shirin horar da masu tasowa a harkar fim, yana gudana a Jamus tun 2003. Asusun Hubert Bals na bikin Rotadam yana tallafa wa masu fim daga ƙasashen da harkar ba ta da gata. Duk irin waɗannan wurare aikin da ka taɓa yi suke son gani, wanda ya sake dawo da mu kan gajeren fim mai sauti mai kyau. Ka karanta wa ake nema kafin ka ɓata dare kana cike fom, kuma kada ka bari sai ranar rufewa, ranar ce intanet take yanke wa mutum.

Ku ma manya da kuke karɓar yaran nan, ba ku tsira ba. Kun sa zama da tsakar ranar aiki a unguwar da sai an hau mota biyu, sannan ku ce yaro ba shi da himma. Kuna cewa ya fara aikin sa kai na wata shida don ya goge, kun manta wanda ake ciyarwa a gida ne kaɗai zai iya wannan. Kuna gyara masa labari har ya koma irin naku, talakan da ke ciki ya zama abin tausayi ko abin dariya, alhali shi yaron a cikinsu ya tashi, ya fi ku sanin yadda suke magana. Nasiha kuwa ya sha ta har ta ishe shi. Ku ɗauki waya ku kira mai tacewar da kuka sani ku ce ga yarona nan zuwa, ku ara masa makirufo na kwana biyu, kuma idan kun sa shi aiki a lokeshan ku rubuta sunansa a takardar biya tare da na kowa.