Ware zakka ranar da albashi ya shigo

'Yan'uwa cikin Almasihu, albashi na shigowa, ku ware zakka kafin ku taka kasuwa.
Naira 80,000, zakkarta 8,000, wato kashi ɗaya cikin goma. A sa a ambulan nan take.
Baiko kuma a nemi canji, a raba ambulan huɗu, kowace Lahadi ɗaya. Ku duba kalanda, wani watan Lahadi biyar ce.

Kuɗin cikin waya tafiya yake ba sallama: kati, data, ɗan cefane. Ku tuna, Manzo Bulus ya ce kowa ya riƙa ajiyewa gwargwadon samunsa, 1 Korintiyawa 16:2.

Amma ɗan kasuwa, kada ka lissafa daga cinikin yini gaba ɗaya. Cire uwar kuɗi da kuɗin mota tukuna, ka fitar daga riba. In ba haka ba, jari zai karye.