Yadda ake koya wa ɗan Chaina kalmar Turanci "tea" ba tare da ya rikice ba

Abin da sababbin malamai ke yi shi ne su ce wa ɗalibi tea ita ce cha, wato shayi a yaren Chaina, shikenan su wuce darasi na gaba. Don Allah kar ka yi haka, fara da asalinta, ai kalmar tasu ce.

Rubuta masa harafin 茶 ka ce ya karanta, zai ce cha. Sai ka gaya masa a lardin Fujian, wajen tashar jiragen ruwa ta Xiamen, masu yaren Hokkien te suke cewa, daga bakinsu fataken Holan suka ɗauka, suka kai ganyen Turai wajen 1610 suna ce masa thee, mutanen Ingila suka ara. Ita kuwa cha ta ƙasa ta bi da ayari, ta zama chai a Farisa, shay a Larabci, har ta iso mana a shayi. In ɗalibin ɗan Fujian ne zaka ga yadda zai gyara zama.

To inda nake so ka daɗe shi ne launi, nan ne ake faɗuwa. Su 'yan Chaina ruwan shayin suke kallo, shi ya sa suke cewa hong cha, wato jan shayi, Bature kuma busasshen ganyen yake kallo ya ce black tea. Na yi wata ɗaliba sati uku ina gyara mata tana komawa red tea, kuma laifina ne don da baki kawai nake bayani. Ranar da na farke ƙullin Lipton ɗaya na zazzage a farin faranti, na ajiye kofin dafaffe a gefe na ce ta nuna min baƙi ta nuna min ja, daga ranar ba ta sake ba. Ba sai ka sayi ganye mai tsada ba, na mai shayin bakin titi ya isa. Ka kuma ja masa kunne, hei cha ɗinsu, baƙin shayi irin su pu'er, ba shi ne black tea ba, sannan in ya nemi red tea a Landan ana iya miƙo masa rooibos na Afirka ta Kudu wanda ba ma ganyen shayi ba ne.

Sauran a gurguje. A arewacin Ingila tea na nufin abincin dare. Not my cup of tea, abu bai kwanta min ba. Spill the tea kuma tsegumi ne na matasan intanet, ni bana koyar da shi sai ɗalibi ya yi wata uku.