Yadda ake tsara lokutan bas a cikin Damagaram ba tare da mota ta yi tafiyar fanko ba

Duk wanda na gani ya zuba kananan bas a cikin garin nan ya karye, ba rashin fasinja ne ya karya shi ba. Mutane na nan, kullum suna biyan kabu-kabu da adaidaita. Abin da ke cin su shi ne lokaci da man da ake ƙonawa mota ba kowa a ciki. Ba zan tsaya kan sayen mota ko takardu ba, wanda ya shigo sana'ar ya san waɗannan.

Ka fara da agogo, kada ka fara da tambayar direba. In ka tambaye shi minti nawa ne daga Kasuwar Dole zuwa jami'ar André Salifou da dawowa, lokacin da hanya ta yi masa daɗi zai faɗa maka. Ka shiga motar da kanka kwana uku, ka rubuta lokacin tashi da na dawowa, da safe da rana da yamma. Dole ɗaya daga cikin kwanakin ya zama Alhamis, ranar kasuwa, don amalanke da dabbobi da ƴan ƙauye suna sauya lissafin gaba ɗaya.

A ce zagaye ɗaya ya ci minti 50. Ka ƙara 10 na hutu a ƙarshen layi, ya zama 60. Kana son mota ta riƙa wucewa kowane minti 20? Ka raba 60 da 20, mota uku ke nan. Lissafin duka bai wuce haka ba. Minti goman nan kuwa kada ka taɓa su. Da su direba ke shan ruwa, da su ake rama jinkiri, kuma a kansu nake ɗora sallar Azahar da La'asar. Ranar Juma'a ni takardarta daban nake yi.

Yanzu ga inda na sha kashi.

Garajin da motocinmu ke kwana yana da nisan kilomita 4 daga inda layi ke farawa. Zuwa da safe, komawa da dare, kilomita 8 kowace mota, 24 ga mota uku. A kwana 26 na aiki ya kai kilomita 624. Motar da ke shan lita 12 a kilomita 100 ta ƙone kusan lita 75 ke nan. Da farashin gazuwal na sefa 618 da aka tsayar a 2024, kuɗin ya haura jika 46 a wata, ba a ɗauki ko akuya ba. Matatar SORAZ na nan kusa da mu tun 2011, amma ba ta ba kowa mai kyauta.

Sai na ce wa direbobi su riƙa ɗaukar mutane a kan hanyar fita. Da baki kawai na faɗa, ban rubuta komai ba. Washegari babban direbanmu ya tsaya a bakin wata mahaɗa yana jiran mota ta cika, kamar mai lodin Mirya. Ya isa farkon layi da jinkirin minti 25, mota ta biyu ta cim masa, suka wuni suna bin juna kamar raƙuman ayari, ta gaba maƙil, ta baya ba kowa. Da na yi magana ya ce, "Yallaɓai, ai kai ka ce a ɗauka." Gaskiyarsa ce.

Don haka tafiyar fita daga garaji ka mai da ita cikakkiyar tafiya mai lokacinta a takarda. Mota da babu kowa tana yin kilomita 4 cikin minti 8, mai tsaye-tsaye tana bukatar kusan 15, saboda haka ka matso da lokacin fitowa baya, kada ka tura farkon layi gaba. Ka zaɓi wuri biyu ko uku da za a tsaya, ba ƙari. Doka ɗaya ce: wanda ke tsaye ya shiga, wanda ke ɗaga hannu daga cikin lungu ya jira ta gaba. Karen mota kuma a garaji zai hau, da tikitinsa a hannu. Namu a da sai a farkon layi yake jiran mota, kuɗin hanyar kuwa ya bi aljihun da ba a san shi ba.

Tafiyar komawa garaji da dare ta fi haɗari. Motar ba ƙarshen layi za ta ba, garaji za ta. Wani dare bayan Isha'i muka iske wata dattijuwa a kujerar baya da ƙullin kayanta, mota ta riga ta shiga garaji, ita kuwa Birni za ta, wajen fada. "Ɗana, nan ina ne?" Ni na biya mata kabu-kabu. Tun ranar kowace mota tana da allo na biyu mai launi daban, an rubuta inda za ta tsaya, kuma karen mota yana faɗa wa kowa da baki kafin ya karɓi kuɗi, don ba kowa ke karatu ba. Allon katako da fenti ya isa, kada wani ya sayar maka da mai lantarki. Kuɗin wannan guntuwar tafiya ni rabi nake karɓa. In cikakken layi dala arba'in ne, nan dala ashirin.

In hanyar garaji ba ta cikin layin da aka ba ka izini, ka leƙa ofishin magajin gari da ƴan sandika kafin ka fara, ka kuma tabbatar inshorarka ta rufe fasinjan wannan hanya. Mintocin da suka ƙaru ka lissafa su cikin awoyin direba. Motar da ke komawa don gyara ko birkinta ya yi sanyi, fanko za ta tafi, ko da hanya cike take da mutane. Bayan wata ɗaya ka duba tikitin: ta safe kusan kullum tana fidda kuɗin manta, ta dare in ba ta kai mutum huɗu ba ka nemi amintaccen gida kusa da ƙarshen layi motar ta riƙa kwana can, ka biya mai gadi.