Allunan tarihi a bakin titunan Amurka

Idan ka sauka Amurka ka fara tuƙi, za ka riƙa cin karo da wasu allunan ƙarfe a bakin hanya, cike da rubutu. Kada gabanka ya faɗi, ba dokar hanya ba ce. Allunan tarihi ne: nan aka gwabza yaƙi kaza, nan aka haifi wane.

Mota ce ta haifar da su. Da motoci suka yawaita, jihohi suka so matafiyi ya tsaya, ya karanta, ya ɗan kashe kuɗi a garin. Virginia ta fara nata shirin a 1927, aka kafa na farko a kan hanyar Fredericksburg zuwa Richmond. North Carolina ta bi sahu a 1935. Pennsylvania da ma tana manna faranti na tagulla a jikin duwatsu, amma mai gudu a mota ina zai gani? Sai a 1946 ta koma shuɗin allo mai rubutun ruwan ɗorawa a kan sanda. Texas kuwa ta tara sama da 16,000.

Shawarata, ɗan'uwa, ka nemi wurin ajiye mota sosai kafin ka sauka, ban da cin burki a gefen babbar hanya. Sannan ka duba ƙasan allon, galibi akwai shekara da sunan waɗanda suka kafa shi. Wannan ne abin lura. Tsofaffin allunan kudu da yawa an rubuta su ne a zamanin wariyar launin fata, sai ka ga an yi ta yabon janar-janar da masu gandaye, bayin da suka noma gandun kuwa ko a ambace su. Har yanzu rigimar ba ta mutu ba: allon tunawa da Emmett Till, yaro baƙar fata da fararen fata suka kashe a Mississippi a 1955, an sha ɗirka masa harsashi har sai da aka kafa wanda harsashi ba ya hudawa a 2019.

In hanya ta kai ka Fayetteville a North Carolina, ka nemi allon Umar ibn Sa'id, malami daga Futa Toro, yankin kogin Senegal, da aka kawo a matsayin bawa a 1807. Ya gudu, aka kulle shi a kurkukun garin, ya riƙa rubutun Larabci a bango, daga baya ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831. Allon yana kusa da masallacin da ke ɗauke da sunansa, ka je da yara ranar Juma'a.