Yadda Ake Mayar da Jirgin Ruwa Gida a Ingila

Tsadar haya a Landan ta sa mutane da dama, har da ɗalibai da ƙananan ma'aikata, sun kwashi komatsansu sun koma kan ruwa. Wanda ya bi gefen Regent's Canal ko kogin Lee zai ga siraran jirage na ƙarfe a jere, wani wurin ma biyu-biyu, hayaƙi na tashi daga bututu, an ɗora keke da itace a kan rufi. Gidajen mutane ne. Waɗannan hanyoyin ruwa da ake kira kanal, da hannu aka haƙa su tun ƙarni na 18 domin dakon kwal da kayan masana'antu, lokacin da dawakai ke jan jiragen daga gaɓa. Yau mafi yawansu, kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales, suna hannun hukumar Canal & River Trust, wadda ta gaje su daga British Waterways a 2012.

Tun kafin ka fara lissafin rarar da za ka samu, ka sani cewa kuɗin hayar da ka guje wa da jikinka za ka biya shi. A cikin jirgi kai ne NEPA, kai ne ɗan ga-ruwa, kai ne kuma mai kwashe masai. Wanda ya yarda da haka, ga yadda ake bi.

Da farko, ka gwada kafin ka saya. Ka ɗauki hayar jirgi na mako guda, amma a Janairu, ba a Yuli ba. A watan Yuli kowa ma yana son zaman ruwa. Sai gari ya yi duhu tun ƙarfe huɗu na yamma, hanyar gaɓa ta caɓe, tukunyar gas ta ƙare ana tsakiyar girki, sannan za ka san ko kana iyawa.

Sai zaɓen jirgi. Siririn jirgin da aka fi sani faɗinsa ƙafa 6 ne da inci 10, tsawonsa kuwa yakan kai ƙafa 72. Ba don ado aka matse shi haka ba, saboda lok ne, wato ɗakin ruwa mai ƙofofi gaba da baya wanda ke ɗaga jirgi ko sauke shi inda ƙasa ta yi tudu. Da yawa daga cikin lok na tsakiyar ƙasar, wajen Birmingham, faɗinsu ƙafa 7 ne kacal. Akwai jirage masu faɗi da suka fi daɗin zama, sai dai ba sa wuce irin waɗannan wurare. Haka tsawo: wasu lok na Yorkshire gajeru ne, shi ya sa ake son jirgi mai ƙafa 57, don kusan ko'ina yana shiga.

Kada fenti da labule su ruɗe ka. Darajar jirgi tana ƙarƙashin ruwa. Ka biya a fito da shi kan tudu, ka ɗauko ƙwararren mai bincike naka na kanka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, ya auna kaurin ƙarfen da na'ura. Jiragen zamani galibi ana yin gindinsu da ƙarfe mai kaurin milimita 10, gefe 6, sama 4. In tsatsa ta ci ƙarfen ya sirance, kuɗin waldar sabon faranti zai iya cinye duk rangwamen da aka yi maka, kamfanin inshora ma zai iya ƙin karɓarka. Kuɗin bincike da na fito da jirgin suna da ciwo, amma nan ne wurin da bai kamata a yi rowa ba.

Takardu uku ne ba makawa: inshorar ɓarnar da za ka iya yi wa wani, ta aƙalla fam miliyan 2, shaidar Boat Safety Scheme, wadda ake sabuntawa duk shekara huɗu bayan an duba gas da wuta da mai, sai lasisi, wanda ba a bayarwa sai da waɗancan biyun. Lasisin jirgi mai ƙafa 57 ya haura fam 1,000 a shekara. Kuma ba duk ruwa ne na hukuma ɗaya ba. Kogin Thames daga Teddington zuwa sama yana ƙarƙashin Environment Agency ne, da nasa rajistar daban.

Wajen neman lasisin ne za ka yanke shawarar da ta fi kowace girma: za ka kama maɗaura ta dindindin, wato wurin ɗaure jirgi na kullum, ko za ka zama mai yawo? Maɗaurar da aka amince a zauna a cikinta tana da wuyar samu, a Landan kuma kuɗinta kan kai na hayar ɗaki, ga harajin ƙaramar hukuma a kai. Amfaninta shi ne adireshi, da famfo kusa, sau da yawa har da wutar lantarki daga gaɓa. Mai yawo ba ya biyan maɗaura, amma dokar British Waterways ta 1995 ta ce kada ya wuce kwana 14 a wuri guda, kuma tafiyar ta zama ta gaskiya, ba kai-komo tsakanin gada biyu ba. Hukumar tana sa ran ganin tazarar da ta kai mil 20 ko fiye tsakanin iyakokin yawonka a cikin shekara. Ma'aikatanta na bin gaɓa suna rubuta lambar jirage, wanda bai matsa yadda ya kamata ba a ba shi gajeren lasisi ko a hana shi. Tun 2024 kuma an ɗora wa masu yawo ƙarin kuɗi. A ganina mai aikin da dole ya isa wuri ɗaya kowace safiya, ko mai yara 'yan makaranta, ya yi dogon tunani kafin ya zaɓi yawo. Yau tashar jirgin ƙasa tana bayan jirginka, bayan wata biyu sai ka yi tafiyar minti arba'in a ƙasa cikin taɓo.

Tuƙin ba wani abin tsoro ba ne, kwas na kwana ɗaya ko biyu ya isa a fara. Ba a wuce gudun mil 4 a awa, in za ka gifta jiragen da ke ɗaure kuma ka rage sosai, in ba haka ba ka girgiza wa mutane tukunya a kan wuta, ka ji baƙar magana. Dama ake riƙewa in an haɗu da wani jirgin, saɓanin titin ƙasar. Sandar tuƙi kuwa, in ka tura ta hagu jirgi dama zai yi, kuma babu birki sai dai ka sa injin baya. Inda ake nutsewa shi ne cikin lok. A gindin ƙofar sama akwai wani dakali da ruwa ke rufewa. In kana sauka ka bar bayan jirgi ya hau kansa, ruwa na janyewa gaban jirgin zai dulmiya cikin ƙanƙanin lokaci. Ana shata alamarsa da farin fenti a bango. Ka tsaya gaba da ita, idonka kuma kada ya bar jirgin har ƙofa ta buɗe. Yara su sa rigar ruwa duk lokacin da ake tafiya.

Yanzu ga ainihin zaman, kuma ruwa ne farkonsa. Jirgi na da tanki mai ɗaukar lita ɗaruruwa, ana cika shi a famfunan da aka kakkafa a gaɓa, waɗanda ake buɗewa da wani makulli na musamman da ake saya. Ka nemi tiyo irin na ruwan sha, ka bar ruwan ya ɗan zuba kafin ka zura shi a tanki. Cikawa kan ɗauki rabin awa ko fiye, in akwai layi sai ka jira. Da ka gama ka matsa, ba a kwana a bakin famfo. Gidan da ake alwala sau biyar, ana wanke shinkafa da tukwanen miya, ya fi gidan Bature shan ruwa, don haka ka lura kwana nawa tankinka ke yi, ka tsara ranar tashinka ta faɗo daidai da ranar cikawa. Wajen wanka ka jiƙa jiki, ka kashe, ka saɓa sabulu, sannan ka ɗauraye. Ruwan kanal ba na sha ba ne, ba na wanke fuska ba. Fitsarin ɓera na sa masa cutar da ake kira Weil, wadda ke shiga ta ciwo ko ta ido da baki. Ruwan wanke-wanke da na wanka kai-tsaye yake zuba cikin kanal, saboda haka kada ka tuttula ragowar mai a wurin wanke kwanuka.

Ban-ɗaki shi ne zancen da mazauna ruwa ba sa gajiya da shi, kuma iri biyu aka fi amfani da su. Akwai mai babban tanki da ake zuƙewa da inji a biya kuɗi, yakan yi makonni bai cika ba, amma ranar da ya cika dole jirgin gaba ɗaya ya je wurin injin. Akwai kuma mai ƙaramin tanki da ake zarewa, mai ɗaukar kimanin lita 20, ka ɗauka ka kai wurin zubarwa da ake kira Elsan, ka juye, ka ɗauraye. Mutum biyu kan cika shi cikin kwana biyu zuwa uku. Mu da ke tsarki da buta, ya fi haka saurin cika, kuma wannan lissafi ne da mai sayar maka da jirgi ba zai yi maka ba. Ka sayi tanki na biyu, in da hali har na uku, da ɗan amalanke mai naɗewa, domin ɗaukar kilo 20 a hannu tsawon rabin mil ba wasa ba ne. Wani lokaci ka isa ka tarar wurin zubarwar ya toshe, nan ne tankin ajiya ke fitar da kai kunya. Zuba shi a kanal ko a daji laifi ne.

Wutar jirgi daga batura take, masu bolt 12. Ɗaya na tayar da inji ne shi kaɗai, sauran na fitila da firji da injin tura ruwa. In irin na dalma ne, kada ka bari su sauka ƙasa da rabi, suna saurin mutuwa. Daga Afrilu zuwa Satumba farantan sola a kan rufi kan wadatar. A Disamba kuwa ranar ba ta da ƙarfi, sai ka tayar da inji awa ɗaya ko biyu kullum, wanda a yawancin jirage shi ne kuma ke dafa ruwan wanka. Ƙa'ida ta hana kunna inji ko janareto a ɗaure daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Wanda ke dawowa aiki bayan isha'i ya san abin da hakan ke nufi. Dutsen guga da butar lantarki da hita, duk ka bar su a tudu.

Ɗumi kuma daga murhun ƙarfe yake, mai cin kwal marar hayaƙi ko busasshen itace. Akwai jiragen 'yan kasuwa da ke zagayawa suna sayar da kwal da dizal da tukwanen gas, su tsaya a gefenka su sauke maka. Ka karɓi lambar wanda ke bin yankinka tun kaka. A nan ne ake rasa rai, don haka ka saurara da kyau. Jirgi rufaffen akwati ne, iskar kabon monoksayid kuma ba ta da wari. Tun 2019 wajibi ne a sa ƙararrawar gano ta, ka riƙa gwada taka. Kada sanyi ya sa ka toshe kafofin iska na ƙofa da rufi. Toka mai zafi a zuba ta a bokitin ƙarfe a fitar waje. Kaskon gawayin da muka saba shiga ɗaki da shi lokacin hunturu, ko garwashin turaren wuta, ba su da wuri a cikin jirgi ko kaɗan. Uwargida ta nemi kaskon turare na lantarki, ta kunna sa'ad da inji ke aiki. Gas na girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasan jirgi yake taruwa, shi ya sa tukwanen ke da akwatinsu mai rami da ke fitarwa waje. Kada ka ajiye tukunya a cikin ɗaki. Sai laima: numfashi da tururin girki na zama raɓa a tagogi, fumfuna ta kama kaya a kabad. Maganinta wuta a murhu da taga a ɗan buɗe, duka biyun lokaci guda.

Mai yawo ba shi da adireshi, banki da wurin aiki da hukumar shige da fice kuwa duk suna nema. Yawanci ana amfani da gidan ɗan'uwa ko kamfanin karɓar wasiƙu. Rajista da likitan unguwa ba ta buƙatar shaidar adireshi a Ingila, ko da ma'aikacin asibitin ya ce maka sai da ita. Alƙibla daga Landan kudu maso gabas take, amma duk sabuwar maɗaura sai ka sake dubawa, kuma a gaɓa za ka tsaya ka duba, don ƙarfen jirgi na rikita kamfas na waya. Ka riƙa duba masallacin Juma'a mafi kusa kafin ka buga turke, ba bayan ka buga ba.

Gyara ba ya ƙarewa. Bayan kowace tafiya ka murɗa giris a inda sandar farfela ta ratsa jikin jirgi, ka leƙa ƙasan inji ko ruwa ya taru. In jirgi ya rage gudu, ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihu, sannan ka buɗe murfin da ke saman farfela ka ciro leda da igiyar da suka naɗe ta. Ka tabbata ka ɗaure murfin tamau, don jirage sun sha nutsewa ta wannan kafa. Duk shekara biyu zuwa uku a fito da jirgin a shafe gindinsa da baƙin fenti mai kwalta.

Daga Nuwamba zuwa Maris hukumar na rufe wasu lok don gyara, kuma tana fitar da jerin tun kafin lokacin. Ka duba shi, ka zaɓi yankin da za ka yi sanyi a cikinsa, wanda ke da famfo da wurin zubar da ban-ɗaki da tasha ba tare da rufaffen lok ya raba ka da su ba. In kanal ya daskare ba a matsawa, famfunan gaɓa ma kan daskare, don haka da ka ji an yi hasashen ƙanƙara ka cika tanki, ka cika jarkoki biyu, ka juye ban-ɗaki, ka ƙara buhunan kwal a kan rufi.